Abin da Ban Gaya wa Rabi Ba

Ruwan saman Manchester ba shi da murya. Yakan wuni yana zuba a kan rufin gidajen Longsight ba hadari, ba iska mai ƙamshin ƙasa, sai dai ka fita sayen nama ka dawo ka ga rigarka ta jiƙe. Shekaru da yawa wannan bai dame ni ba, don ina da aiki, kuma aikin nawa na ruwa ne. Ni ne injiniyan da ake kira idan magudana ta toshe ko rafi ya fara leƙen gidajen mutane. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, aka tara mu tsofaffin ma'aikata a wani ɗaki, aka ba mu shayi da biskit, aka gode mana ƙwarai da gaske. Tun daga ranar na koyi zaman bakin taga, abin da nake yi wa tsofaffin Turawan layinmu dariya a kansa a da. A bakin tagar nan nake ta juya yadda gungunmu ya watse, da hannun da nake da shi a ciki, don ina da hannu, ko da yake ba wanda ya kai ni ƙara.

Gungu shi ne tsibiri a tsakiyar kogi, kuma namu yana cikin kogin Kwara, inda ruwan ya yi faɗi har idan ka tsaya a wannan gaɓa ba ka gane mutumin da ke waccan. Jikokina in na ce musu a tsibiri aka haife ni sai su ɗauka irin na hoton hutu ne, da farin yashi da lema. Namu laka ce baƙa, mai kama ƙafa. Ƙarar filafili a jikin kwalekwale ke tashe mu, sai ƙarar daka ta amsa daga gidaje, sai dorina ta yi gurnani can ƙasa da mashaya kamar tsoho mai gyaran murya. Kafin yaro ya iya tsarki ya iya kwarfe ruwa daga cikin jirgi da ƙoƙo. Mu gyara komar kamun kifi, mu juya kifi a kan banda har hayaƙi ya shiga gashinmu ya zauna, mu yi ban ruwan albasa da ƙwarya har ƙugu ya ƙage. Ban taɓa jin wani ya kira wannan wahala ba, sai da na shiga makaranta aka gaya mini. Ruwa kuwa biyu muka sani a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda ke zuwa da damina da fushinsa. Akwai baƙin ruwa, garai-garai, wanda ke tasowa daga ƙasashe masu nisa ya iso da sanyi a natse. Kowanne da lokacinsa, kuma a kan lokacin nan aka gina shuka da girbi da kamun kifi da biki.

Wadda ta fi kowa sanin ruwan nan ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. 'Yar siririya ce, mai faɗa, ba ta barin yaro ya wuce gabanta hannu sake. Kullum da hantsi a cikin damina takan zaga gungun da ƙafa, ni kuma nakan bi ta ba don son ilimi ba, don dai takan ƙulle soyayyar gyaɗa a bakin zani. Ta ɗebi ruwa a tafin hannu, ta shinshina, ta kurɓa, ta furzar. Ta tsaya ta duba inda tsuntsayen bakin ruwa suka rataya sheƙarsu a bana, a ƙasan reshe ne ko can sama. Ta bi sawun dorina ta ga iyakar inda ta hau kiwo. Ta tsuguna a kan tururuwa ta ga ko suna kwashe ƙwayayensu suna yin tudu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan take kamawa ba, haɗa su take yi a cikinta, ta yi shiru. Idan wani ya tare ta ya ce yaya ruwan bana, amsarta ɗaya ce ko da me ta gani: lafiya lau, sai alheri.

Nan ne al'adarmu take, kuma wanda bai gane wannan ba bai gane mu ba. A gungu ba a faɗin ambaliya da baki. Dattawa sun ɗauki kogi tamkar maƙwabcin da ke ciyar da kai, kuma suna ganin rashin kunya ne ka tsaya a ƙofarsa kana zarginsa da abin da bai riga ya yi ba. Wasu sukan ce faɗin yana jawo shi. Limaminmu ya ce wannan ba ya cikin littafi, amma shi ma ban taɓa jin ya faɗa ba. Saboda haka gargaɗi ba a baki yake ba, a aiki yake. Idan Gwaggo ta gama haɗa abin da ta gani ta tabbata ruwan zai wuce iyakarsa, sai ta tashi da safe ta ciccibi dutsen niƙanta, ta ɗora a ka, ta ratsa tsakiyar gari a hankali yadda kowa zai gani, ta kai shi tudun tsamiya, wurin da ruwa bai taɓa hawa ba. Ba ta cewa uffan, ba kuma wanda zai tambaye ta. Kafin azahar za ka ga maza sun ajiye koma sun fara fasa rumbuna suna jidar dammunan gero zuwa tudu. Aiki ne na kwana uku, mai karya baya, kuma yana cin kwanakin kamun kifi mafi kyau, don haka ba a yin sa sai dutsen ya hau.

Ni ne ɗan gungu na farko da ya je makarantar kwana, kuma mahaifina ya sha surutu a kan haka. Wani hutun damina na dawo da gajeren wando da rula da kai a kumbure. An koya mana awo, na ga kuwa ga kogi guda ba wanda ya taɓa auna shi. Na sami doguwar gora, na yi mata tsaga da wuƙa inci-inci, na kafa ta a mashaya. Kullum na je na duba na rubuta a littafi. A gindin wata giginya akwai tabon lakar da ruwan bara ya bari, na auna daga nan na ga ruwan bana yana ƙasa da shi da fiye da kamu biyu, kuma hawansa a yini bai wuce faɗin yatsa ba. Na yi lissafi na maimaita, na ga ko damina za ta ƙara wata guda ba zai taɓa gindin rumbunmu ba. Washegarin ranar da na gama lissafin Gwaggo ta ɗauki dutsenta ta ratsa gari. Na yi dariya, kuma ban yi ta a ɓoye ba.

Mahaifina ya kira ni a gaban maza a bakin masallaci, ya ce in karanta musu abin da ke cikin littafin. Na karanta, har da Turancin da ba wanda ya nema. Yanzu na gane ba lissafina yake so ba, so yake mutanen da suka ce ya ɓatar da ɗa su ga bai ɓatar ba. Dattawa suka saurara, suka ce madalla, suka tashi suka tafi jidar geronsu. Mu kuwa muka shiga jirgi muka tafi kamun giwan ruwa, muka kuma samu, har mahaifina yana wa masu ɗauke da dami barka da aiki da wata irin murya. A rana ta huɗu da hantsi muka ji wata ƙara daga sama da kogi kamar kasuwa tana ci a nesa. Kafin la'asar ruwa ya shiga tsakar gidanmu, ja, ɗauke da kututturai da mushen akuya. Ina tsaye ruwa a gwiwata na ga ƙafafun rumbunmu sun jiƙe sun narke, rumbun ya karkata a hankali ya zauna cikin ruwa. Shekarar nan tuwon gidajen mutane muka ci. Ana aiko mana da shi a rufe, da mutunci, kuma mutuncin ya fi yunwar zafi.

Mahaifina bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Gwaggo ce ta kira ni bayan ruwa ya janye, ta ce ɗan boko ya zo ya kama mata dutse su sauka. A hanya ta tambaye ni ina gorar nan tawa. Na ce ban sani ba, alhali tana nan a kafe.

"Sandarka ba ta yi ƙarya ba," in ji ta. "Ruwan da ya iso ta gaya maka. Wanda ke hanya ne ba ta gani ba. Ka bar ta a wurin, ni ma ina son in riƙa sanin saurin hawansa, idona ya fara gajiya."

Tsohuwar da na yi wa dariya a gaban gari ita ce ke neman mu haɗa nata da nawa. Da ina da hankali da na durƙusa na karɓa. Amma ni kunya ce ke cina, kuma duk lokacin da na ga gorar sai in ga rumbu yana zama. Kafin in koma makaranta na je mashaya na tumɓuke ta na wurga wa kogi. Daga nan kuma sai gaba, daga wannan makaranta zuwa waccan, har na tsinci kaina a ƙasar nan da takardun da suka ce na san ruwa.

Ina nan ina gyara wa Turawa magudana, can gida ruwa ya rikice. Farin ruwa ya daina zuwa a kan lokacinsa. Wata shekarar damina ta yi jinkiri har shuka ta ƙone, sannan ta juye ruwan wata biyu a mako ɗaya. Baƙin ruwa wani lokaci ya zo kaɗan, albasa ta rasa danshi. Gaɓar gabas ta riƙa zubewa, mashayar da na kafa gorata ma ta tafi. Gidaje suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna komawa garuruwan tudu. Ƙanena Audu ne ya riƙe gidanmu, shi ya zama babba a gungun, kuma sauran gidajen da suka rage shi suke kallo. Ya gaya mini a waya, ba tare da wani kwana-kwana ba, cewa mutane sun gaji. Idan aka ƙara asarar hatsi sau ɗaya ba zai iya riƙe kowa ba, shi ma kansa ba zai zauna ba. Na ce masa Allah ya kyauta, na koma bakin tagata.

A cikin wannan hali Rabi ta zo. 'Yar Kano ce, tana karatun digiri na uku a wata jami'a a Birmingham, kuma ita da bakinta ta ce ba ta taɓa shiga kwalekwale ba sai da bincike ya kai ta. 'Yata ce ta haɗu da ita a wajen wani suna a unguwar Whalley Range ta ba ta labarina. Rabi ta hau jirgin ƙasa ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi zama a kujera sai da na matsa. Abin da suke shiryawa ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Za a kafa sanduna masu lamba a gungunmu da wasu garuruwa na sama da mu. Samarin wurin za su riƙa ɗaukar hoton sandar da waya kullum suna aikowa. Za su kuma riƙa tambayar dattawa abin da suka gani. A Birmingham a haɗa biyun, in sanda ta nuna hawa da sauri ko dattawa suka yi gargaɗi, sai a tura saƙo ga kowace waya a gungu a ce a kwashe hatsi. Na ji kamar Gwaggo ce ta aiko ta da saƙon da na ƙi karɓa.

"Baba, ku ne kaɗai kuka san ɓangaren biyu," ta ce. "Mu data muke da ita, su kuma ba sa sakin jiki da mu. Don Allah ku zo meeting ɗin, supervisor ɗina yana son ya ji daga bakinku."

Na je, kuma na je da kwat da taye, irin shigar da rabona da ita tun ranar shayi da biskit. Nan ne na yi abin da na yi. Na shiga ɗakin na ga matasa da kwamfutoci, na ga yadda Baturen malamin ya miƙe ya riƙe hannuna da hannu biyu yana murmushin da ake yi wa tsohon da aka ɗauko daga ƙauye. An kore ni daga aiki kamar tsohon takalmi, ga shi yau an kira ni, kuma ba a matsayin injiniya ba, a matsayin jikan masunta. Na ƙudura sai sun san wanda suka gayyato. Na kama musu bayanin yadda ake kafa sandar awo, da irin fentin da ruwa ba ya ci, da kuskuren da ke cikin taswirarsu. Suka yi ta rubutu, kaina ya yi ta kumbura. Da Rabi ta juyo da ni kan ilimin gargajiya, na ba su tsuntsaye da dorina da tururuwa, don waɗannan ana iya kare su a gaban masana. Dutsen niƙa kuwa na bar shi a cikina. Ina jin kunyar su ce camfi ne, kuma ba yadda zan ba da labarinsa ban ba da labarin rumbun ubana ba.

Kafin a tashi Rabi ta miƙo mini takardar da samari za su riƙa cikewa, ta ce in duba Hausar. Idona ya faɗa kan tambayar nan: me dattawa suka ce game da ruwan bana? A ƙarƙashinta akwatuna uku, zai yi yawa, daidai, zai yi kaɗan. Na karanta ta sau biyu. Na san sarai babu dattijon gungu da zai buɗe baki ya ce zai yi yawa, ko da ruwan yana bakin ƙofarsa. Na san amsar da za su bayar, na san kuma akwatin da yaro mai waya zai cike in ya ji lafiya lau, sai alheri. Maganar ta zo har kan harshena. Sai malamin ya duba agogo, wani ya fara naɗe waya, ni kuma na ce a raina zan gaya mata daga baya, mu biyu. Na gyara mata ƙugiyar wani harafi na mayar mata da takardar, na ce ta yi kyau. Daga bayan nan bai zo ba. Ta sha kirana, ta ce in ina so za ta riƙa turo mini hotunan ina dubawa, na ce idona ba ya son hasken waya.

Shekara biyu abin ya yi aiki, kuma wannan ne ya ƙara rufe mini baki. Sandunan sama da mu sukan nuna ruwa tun yana tafiyar kwana biyu, saƙo ya zo, mutane su shirya. Har lokacin dashen albasa aka riƙa daidaitawa da shi, aka samu amfanin da aka daɗe ba a gani ba. Audu ya kira ni yana murna, ya ce wasu gidaje biyu da suka tashi suna maganar dawowa, ya ce duk gungu an san yayansa ne ke bayan wayar nan. Ban gyara masa ba, daɗi ma na ji. A shekara ta uku aka rage wa su Rabi kuɗin aiki, kamar yadda ake rage komai a ƙasar nan a lokacin, daga ɗakin karatun unguwa har motar da ke kai tsofaffi asibiti. Suka janye samarin da ke duba sanduna uku, ciki har da wadda ke kan wani ƙaramin kogi mai gangarowa daga duwatsun gabas. A duwatsun nan ne ruwan ya zuba a shekarar. Sandunan da suka rage suna nuna komai daidai, takardun dattawa suna cewa daidai, saƙo bai fita ba. Ruwan ya shiga gungu da rana tsaka, ya kwashe rumbunan da ke ƙasa gaba ɗaya, da gero da shinkafa da irin albasar baɗi. Ba a rasa rai ba, kuma wannan kaɗai nake riƙewa in abin ya taso mini.

Bayan mako biyu Rabi ta zo Longsight ba tare da ta sanar ba. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta ce ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya, dattawa goma sha wani abu, ba wanda ya yi gargaɗi, to ko dai ilimin nasu ne ya daina aiki tun da yanayi ya canza? Wannan take shirin rubutawa, kuma ba ta son rubuta shi. Ta buɗe kwamfutarta tana nuna mini hotunan sandar gungunmu na kwanakin kafin ruwan, don in ga da idona ba abin da ya nuna. A hoto na kwana biyar kafin ambaliyar, can bayan sandar, a gefe, ga wata tsohuwa tana hawa hanyar tudun tsamiya da abu a ka, wani saurayi yana tallafe da ita. Yaya Hansai ce, 'yar Gwaggo, wadda ta gaji idon uwarta da dutsenta. Saurayin kuwa daga cikin masu cike takardar ne. Shi injin niƙa ya tashi ya gani, a wurinsa tsohuwa ce ta rikice tana yawo da dutse, ya taimaka mata don neman lada, sannan ya tambaye ta ruwan bana ya cike akwatin daidai.

Na gaya wa Rabi komai a ranar, tun daga gorata har takardar da na gyara wa ƙugiya. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon hoton.

"Baba, layi ɗaya ne fa," ta ce a hankali. "Da kun faɗa, question ɗaya zan ƙara. Shin an hau da dutse? Shi ke nan."

Ba ta ƙara ko kalma a kan haka ba, tarbiyya ba ta bar ta ba. Ta dawo sau uku da rikoda, na zauna na juye mata duk abin da na sani, a zuwanta na ƙarshe har muryata ta dushe. Ta sake takardar, ta sa tambayoyi kan abin da dattawa suka yi, ba abin da suka ce kaɗai ba. Aiki ne mai kyau, na gani, kuma na tabbata da zai yi amfani. Amma kafin damina ta zagayo masu ba da kuɗin suka rufe shirin gaba ɗaya, malamin ya koma wata ƙasa, ita kuma takardar zamanta ta kusa ƙarewa. Muryata tana nan a cikin wata kwamfuta a Birmingham, awa tara ko goma, tana bayanin yadda ake zama a wurin da ba kowa.

Don gungu ya tashi. Audu ya cika maganarsa, gidajen da suka rage suka bi shi zuwa wani gari a kan tudu, inda aka ba su fili a bayan tasha. Na yi wata biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa kafin na iya kiransa. Ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi yara da sanyi. Ni ne na kasa haƙuri, na ce masa akwai abin da ke damuna. Shi ai ya san dutsen, yana nan lokacin rumbun Baba, ya kuma ga Yaya Hansai ta hau da shi da idonsa. Me ya hana shi kwashe hatsi?

Ina jin hayaniyar babura a bayansa.

"Na gani, Yaya," ya ce. "Har na sa an fara kwance rufin rumbu. Sai na ce ai kana can tare da su, ba yadda za a yi ba ka gaya musu zancen dutse ba. Tunda wayar ta yi shiru, na ɗauka kun auna shi ne kun ga bana Hansai ta yi kuskure. Ni na hana mutane jida. Na ce musu Yaya ya fi mu sani."

Na so ya ɗaga murya, bai ɗaga ba, halin ubanmu ya ɗauko. Sai na tambaye shi me yake taɓawa yanzu a garin, mutumin da tun yana saurayi ba wanda ya kai shi iya ratsa Kwara a cike. Ya ce ana dai lallaɓawa, ya sami kura da jarkoki goma. Sai na ji wata mata daga nesa tana kiran mai ruwa, ya ce mini in yi haƙuri ana nemansa, ya kashe wayar.